Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Shin Gwaninta Tana Wanke Caca?

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Turawa da na Indiya zai lura cewa kyamara tana son teburin karta. Dalilin kuwa a fili yake. Darakta ba ya buƙatar mota ko bindiga ko jirgin sama, mutum shida ko bakwai kawai zai zaunar, ya rage haske, ya riƙa kai kyamara daga wannan fuska zuwa waccan. Gumi ya tsattsafo a goshin wani, idon wani ya ƙifta, wani ya haɗiye miyau, shi ke nan ɗan kallo ya manta da gyaɗar da ke hannunsa. Haka aka yi a The Cincinnati Kid na 1965, haka aka yi a Rounders na 1998, haka kuma aka yi a Casino Royale na 2006, inda James Bond ya bar harbe-harbe ya zauna yana buga karta da abokin gabarsa. A littafin da Ian Fleming ya rubuta a 1953 wani wasan karta ne daban, amma masu fim suka mayar da shi foka, don a lokacin ita ce ake yayi.

To, abin bai tsaya a allon talbijin ba. A Dutsin-Ma, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, garin ya cika da samari masu waya a hannu da lissafi a ka. Foka ba wasan garinmu ba ne. Namu dai wot ne da ludo da dara, sai kuma 'yan karta masu kati uku da ke bin kasuwanni suna wanke bayin Allah. Amma ta fim da ta waya ta shigo bakin matasa, har ta zama abin gardama a teburin mai shayi. Za ka ji yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda ba ya sakaci da salla, yana cewa, “Malam, ai wannan ba caca ba ce, lissafi ne. Caca ita ce wadda ka zuba kuɗi ka rufe ido. Wannan kuwa gwani ne ke ci, kuma akwai wadda ma aka yi wa iyaka, ba ka isa ka zuba gidanku a ciki ba.”

Wannan magana ba ta wawa ba ce, shi ya sa nake ganin bai kamata a amsa ta da tsawa kawai ba. Amma kafin mu je ga amsa, bari mai karatu ya san wasan da ake magana a kai, don kada mu yi shari'ar abin da ba mu gani ba.

Sunan wasan Holdem, asalinsa daga jihar Tekzas ta Amurka. Kati 52 ne, iri huɗu, kowane iri guda 13. Mai rabo zai ba kowa kati biyu a rufe. Daga nan sai ya shimfiɗa kati biyar a tsakiyar tebur a buɗe, na kowa da kowa, amma ba a lokaci ɗaya ba: da farko uku, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. A kowane mataki ana zagayen zubi. In layi ya zo kanka, ko dai ka biya abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka tura katinka ka janye, abin da ka riga ka zuba ya tafi. Wanda ya haɗa kati biyar mafi ƙarfi daga nasa biyu da na tsakiya shi ke kwashe tulin, sai fa in kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, to wannan ya ci ko da katinsa tarkace ne, kuma ba dole ya nuna ba. Wanda muke gani a finafinai shi ne marar iyaka, inda mutum zai ture duk abin da ke gabansa a lokaci guda. Mai iyaka kuwa an ƙayyade komai. In ana buga na naira 200 da 400, to a zagaye biyu na farko 200 za ka zuba ko ka ƙara, a biyun ƙarshe 400, ba ƙari ba ragi, kuma ƙarin ma bai wuce sau uku ko huɗu a zagaye ɗaya.

Ita kuma gasa, kowa zai biya kuɗin shiga iri ɗaya, a ba shi kwabban roba daidai da na kowa. A kowane rabo akwai mutum biyu da ke yin zubin dole kafin su ga katinsu, kuma bayan kowane ɗan lokaci ana ɗaga wannan zubin, don kada wani ya naɗe hannu yana jiran sa'a har gari ya waye. Wanda kwabbansa suka ƙare ya tashi. Haka za a yi ta zubewa har mutum ɗaya ya tattara duka. Yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu. Babbar gasar duniya ta faro ne a 1970 a gidan cacar Benny Binion da ke Las Begas, kuma har yau akwai rukunin mai iyaka a cikinta, ko da yake babban kambun na marar iyaka ne. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke sauran cikin mutum 839 ya tafi da dala miliyan 2.5. Bayan shekara uku kacal, a 2006, mutum 8,773 suka shiga. Kowa ya ce in akanta ya iya, ni me zai hana ni?

Yanzu ga gaskiyar da yaron nan yake da ita, kuma ba zan tauye masa ba: akwai gwaninta. Ɗauki misali. An buɗe kati huɗu a tsakiya, kana da huɗu iri ɗaya, kana neman na biyar. Ka ga kati shida, saura 46 da ba ka gani ba, tara daga cikinsu ne za su fisshe ka. Wato kusan sau ɗaya cikin biyar ke nan. In akwai naira 2,400 a tuli kuma 400 ake nema ka biya, to a zama biyar irin wannan za ka yi asarar 1,600 ka ci 2,400, ka ga akwai riba, sai ka biya. In kuwa 1,200 ne a tulin, biya wauta ce. Wanda ya san wannan da wanda bai sani ba, ko kusa ba ɗaya suke ba. A watan Janairun 2015 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, sun bayyana wata manhajar kwamfuta mai suna Cepheus wadda ta kusan gama warware Holdem mai iyaka na mutum biyu, ta yadda ko mutum ya ƙare rayuwarsa yana bugawa da ita ba zai rinjaye ta ba. Abin da babu dabara a cikinsa ai ba a warware shi. Kai, har alƙali ya taɓa yarda da haka: a 2012 Mai Shari'a Jack Weinstein na wata kotun tarayya a New York ya yanke cewa gwaninta ta fi sa'a yawa a foka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo.

Akwai kuma masu cewa laifin wasan shi ne burga, wato mutum ya zuba kuɗi kamar yana da kati mai ƙarfi alhali babu komai a hannunsa, don ya tsorata sauran su janye. Suka ce wannan ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun. A nan ni kam ban bi su ba. Sana'ata kallon mutanen da ke kuka ba don an yi musu mutuwa ba, suna cewa “ina sonki” ga matar da ba tasu ba, kuma ban taɓa kiran ɗan wasa maƙaryaci saboda haka ba, don ni da shi mun san wasa ne tun kafin a kunna kyamara. Wanda ya zauna a teburin foka ya san za a yi masa burga, shi ma da niyyar yi ya zo. Ita kanta kwamfutar da na ambata tana burga, ba don tana da muguwar zuciya ba, sai don lissafi ya nuna mata cewa wanda ba ya zubi sai yana da kati mai kyau, kowa zai gane shi. Ɗan dambe ma yana nuna hagu ya kai dama. In da burga ce kaɗai matsalar, da na ce a bar yara su yi wasansu.

Inda muka rabu da yaron nan shi ne tambayar da ba ya son a yi: kuɗin da gwani ke ci, daga aljihun wa suke fitowa?

A zauna a yi lissafi, tunda lissafi ake so. Mutum 100 sun shiga gasa, kowa ya ba da naira 10,000, ban da la'adar mai gida. An tara miliyan ɗaya. Aka kwana ana bugawa. Da asuba nawa ne a ɗakin? Miliyan ɗaya, ko kwabo bai ƙaru ba. Ba a shuka komai ba, ba a ɗinka komai ba, ba a kai kowa ko'ina ba. Abin da ya faru kawai shi ne kuɗin mutum tamanin da wani abu sun koma aljihun mutum goma sha wani abu. Mutane kan ce ai rayuwa duk caca ce, manomi ma caca yake yi. Haba jama'a! Manomin rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe yana zuba kuɗinsa a iri da taki da man injin ban-ruwa bai san yadda kasuwa za ta kaya ba, gaskiya ne. Amma in tumatirinsa ya yi kyau, ba don na maƙwabcinsa ya lalace ba ne, suna iya ci tare, mai mota ya samu lodi, mai kwando ya yi ciniki, uwar gida a Katsina ta samu na miya. Furodusan da ya sayar da filinsa a zamanin kaset ya yi fim, ya kai Ƙofar Wambai yana addu'a, shi ma ya yi kasada, amma in ya faɗi fim ɗin na nan, an biya 'yan wasa, an biya mai kyamara. Kasada daban, caca daban. A teburin karta addu'arka ta samun nasara ita ce addu'ar faɗuwar wanda ke kusa da kai, babu yadda za ka raba su.

To a nan ne nake ganin hujjar gwaninta ta juya ta sari mai ita. In da sa'a ce zalla, kamar jefa kwabo, da aƙalla kowa daidai yake da kowa, yau gare ka gobe gare ni, duk wauta ɗaya ake yi. Amma da zarar ka ce gwani ne ke ci, ka amsa da bakinka cewa kuɗin hanya ɗaya suke bi: daga wanda bai iya ba zuwa wanda ya iya. Su kansu 'yan foka ba sa ɓoye wannan. Wanda bai iya ba suna kiransa kifi, gwani kuma suna kiransa da sunan babban kifin teku mai cin 'yan'uwansa, kuma sanannen abu ne a tsakaninsu cewa in ka zauna ka duba ba ka ga wawan teburin ba, to kai ne. Babban darasin da ake koya wa mai son ya mayar da abin sana'a shi ne ya iya zaɓen tebur, ya guji inda gwanaye suke, ya nemi inda akwai mai kuɗi marar dabara, ko wanda ransa ya ɓaci yana neman ramuwa. A dara, gwani gwani yake nema, don cin wanda bai iya ba babu daɗi. A foka gwani wawa yake nema. Wace irin gwaninta ce wannan da ba ta rayuwa sai da jahilcin wani?

Kuma sa'ar da ke cikin wasan, wadda yaron ke ƙoƙarin ragewa, ita ce ƙugiyar. In da gwani ne ke ci kullum, da kifi ya gudu tun daren farko, kamar yadda ba wanda zai sa kuɗi ya yi tsere da doki. Amma ko kati biyu mafi ƙarfi a wasan, in aka kara su da kowane irin kati na mutum ɗaya, kusan sau 15 cikin 100 suna faɗuwa. Wannan 'yar tazara ita ke sa wanda bai iya ba ya ci yau, ya koma gida yana jin shi ma gwani ne, gobe ya dawo da kuɗin da ya fi na jiya.

Bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato zama ido da ido. Masu iya magana suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu a nan an tarbiyyantar da mu a kan karanta fuska, amma don me? Don ka ga abokinka ya shigo majalisa ya yi shiru, ka gane akwai abin da ke damunsa ko bai faɗa ba, ka ja shi gefe. Don uwa ta dubi 'yarta da ta zo ganin gida ta san ba lafiya a ɗakin miji. Don ka gane baƙo yana jin yunwa amma kunya ta hana shi magana. Wannan baiwa ce, kuma ita ce rabin zumunci. A teburin foka wannan baiwar ce dai ake amfani da ita, amma an juya ta. Kana duban hannunsa ko yana rawa, kana sauraren numfashinsa, kana lura da yadda yake haɗiye miyau, duk don ka gane lokacin da ya fi rauni ka danna shi. Wanda ya kalli Rounders zai tuna yadda Matt Damon ya gano sirrin John Malkovich ta yadda yake ɓare biskit a gefen kunnensa ya ci in katinsa na da ƙarfi. Ɗan kallo yana tafi, ni ma na yaba wa darakta John Dahl, fitowar ta yi kyau. Amma a cire kiɗan da hasken a duba abin da ya faru: mutum ya zuba wa ɗan'uwansa ido na sa'o'i, ya san shi fiye da yadda matarsa ta san shi, kuma amfanin wannan sanin duka shi ne ya raba shi da kuɗinsa.

A Las Begas wataƙila wannan ba ya damun kowa, don wanda ka cinye daga wata ƙasa ya zo, gobe ya hau jirgi, ba za ka sake ganinsa ba. To ka ɗauko teburin nan ka kawo shi garin 'Yandaka, ko ka bi hanyar Katsina ka ajiye shi a Kurfi, garin Maraɗi, inda in ka ce wane, za a ce maka ɗan gidan wane, jikan wane. Wanda ka cinye a daren Alhamis, da shi za ku haɗa sahu ranar Juma'a. Ka san kuɗin nan na buhun masarar da ya sayar ne, ka san matarsa na da tsohon ciki, ka san a 'yan shekarun nan da matsalar tsaro ta hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, kowace naira da gumi ta zo. Dole ɗayan biyu ya faru: ko dai kunya ta hana ka buga wasan yadda lissafi ya ce, ka ga ka zama kifi ke nan, ko kuma ka koya wa kanka kashe kunyar. Gwanin gaske shi ne wanda ya yi na biyun. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, da suka haɗa caca da giya, sun ambaci dalili, kuma abin lura shi ne ba a ce don babu dabara a ciki ba. Abin da aka ambata shi ne ƙiyayya da gaba da take jefawa tsakanin mutane, da yadda take shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Aya ta 219 ta Baƙara ma ta yarda akwai wani amfani a ciki, ta ce dai laifin ya rinjayi amfanin. Wato hujjar “ai ana samu” an riga an ji ta tun tuni.

Saura batun iyaka, wanda shi ne ya fi kama da hankali a maganar yaron. Gaskiya ne a wasa mai iyaka ba za ka wayi gari ka ga an cinye gidanku a rabo ɗaya ba, irin yadda Matt Damon ya yi asarar dala 30,000 a farkon fim ɗin nan. Amma da yayyafi kogi kan cika. Saboda zubin ƙarami ne, kullum zuciya na ce maka “ai 400 ce kawai, bari in ga katin ƙarshe.” Wasan marar iyaka yana tsorata mutum ya tashi, mai iyaka kuwa lallashinsa yake yi ya zauna. Tsofaffin gwanayen wannan wasa sun daɗe suna cewa wanda ya iya sosai, abin da yake sa ran samu bai wuce babban zubi ɗaya a awa ba. Ka ji fa. Wato sana'a ce ta zaman dirshan, ta tatsar mutane kaɗan-kaɗan yadda ba za su ji zafi su gudu ba. A Rounders akwai wani da John Turturro ya fito a matsayinsa, wanda ba ya neman suna, ba ya kasada, yana buga na ciyar da iyali kawai. Fim ɗin ya nuna shi kamar mutumin kirki mai natsuwa, amma a wurina shi ne ya fi kowa ban tsoro a cikinsu, don shi ba ya faɗuwa, kuma kullum akwai wanda ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ba da saninsa ba.

Ita ma gasa, an ce kuɗin shiga kawai za ka rasa. To wa ya ce sau ɗaya ake shiga? Gasa da yawa suna barin wanda aka fitar ya sake biya ya dawo, in ma ba su bari ba akwai ta mako mai zuwa. Iyakar tana kan tebur, ba ta cikin zuciyar mutum. Stu Ungar, wanda da yawa ke ganin ba a taɓa yin ɗan karta kamarsa ba, ya ci babban kambun duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997. A watan Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a jikinsa. Abin da ya ci a karta da gwaninta, ya kai shi cacar wasanni da tseren dawaki da ƙwaya. Masu karatun littafi kuma sun san Dostoyevsky na Rasha, wanda ya rubuta littafinsa kan ɗan caca a 1866 cikin ƙasa da wata ɗaya don bashi ya shaƙe shi, ya gama kuma bai daina cacar ba sai bayan wasu shekaru. Kaifin ƙwaƙwalwa bai ceci ko ɗayansu ba.

Na san akwai inda za a kama ni. Wani zai ce, to dillalin shanu fa? Shi ma ai fuskar Bafulatani yake karantawa ya gane ko yana cikin matsi, ya karya farashi. Haka ne, kuma wanda ya yi haka ya ci zalin, kasuwa ba ta wanke shi ba. Bambancin dai shi ne ciniki yana iya tafiya ba tare da wannan ba, mai saye da mai sayarwa su rabu kowa na murna, ɗaya da saniya ɗaya da kuɗi. Foka in ka cire mata wannan, babu abin da ya rage. Wani kuma zai ce to a buga da ƙwallayen dabino ko tsakuwa mana, ba kuɗi. Wannan hukuncinsa na malamai ne, su ma sun yi maganganu a kan wasannin da ba kuɗi a ciki. Abin da na lura da shi kawai shi ne su kansu masoya wasan suna cewa ba ya daɗi in ba kuɗi, don ba wanda ke tsoron burgar tsakuwa. Dara kuwa da tsakuwa da kara ake yin ta tun kakanni, ba ta taɓa rasa 'yan kallo ba.

Kuma kada wani ya ɗauka tunda na soki zama ido da ido, to na waya ya fi. Wanda ke cin matasanmu a yau ma ba foka ba ce, cacar ƙwallo ce, wadda yaro zai zauna a ɗakinsa ya zuba kuɗin makaranta a kan wasan da ake bugawa a Ingila, babu wanda ya gan shi. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan irin wannan caca, a watan Nuwamba na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Katsina na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun 2000, gwamnatin Dikko Raɗɗa kuma ta kafa tata hukumar Hisba. Amma shago ake sa wa kwaɗo, waya tana aljihu. Indiya da muke kallon finafinanta ta gaji da gardamar gwaninta da sa'a, a 2025 ta yi dokar hana wasannin kuɗi a intanet gaba ɗaya. Teburin ido da ido, duk da muninsa, aƙalla yana tilasta maka ka ga wanda ka cinye yana miƙewa yana kakkaɓe rigarsa.

Wannan ya kawo ni ga 'yan fim ɗinmu. Ɗan caca a fim ɗin Hausa kusan kullum iri ɗaya ne: yana cikin kango, hula a karkace, sigari a baki, an cinye shi, ya saci sarƙar matarsa, a ƙarshe ya yi nadama ana kiɗan tausayi. Yaron da ke cewa “lissafi ne” in ya kalli wannan dariya zai yi, don bai ga kansa a ciki ba, shi ai ba ya shan sigari, kuma yana da yaƙinin shi ne zai ci. Raj Kapoor ya fi mu wayo tun 1955. A Shree 420, jarumin bai faɗi a karta ba, ci ya yi, hannunsa ya iya, aka sa masa kwat aka shigar da shi cikin manya, kuma cin nan ne ya raba shi da Nargis. Ina jiran daraktan da zai yi mana labarin wanda ya ci: ɗalibi mai tsabta, mai ladabi, wanda ya fi kowa maki a lissafi, ya tashi daga tebur da aljihu cike. Washegari da safe ana sallama a ƙofar gidansu, ya fito, sai ga ƙanwar wanda ya cinye jiya da kwano a hannu, an aiko ta wurin mahaifiyarsa aron garin tuwo. Ba a buƙatar waƙa a wannan fitowar, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa kawai.